A Tsara Ranar Ruwa Tun Kafin Hadari Ya Haɗu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyayen yara na zangunan Accra da Kumasi, da shugabannin makarantun boko da malaman Islamiyya, a kan ranakun da ruwan sama ko iska ke hana yara zuwa makaranta, ko su ritsa da su a can.

'Yan uwanmu da ke zaune a Bronx da Toronto sun san yadda ake yi idan dusar ƙanƙara ta sauko. Hukumar makarantu ce ke duba hasashen yanayi, ta yanke hukunci tun da dare ko da asuba, saƙo ya shiga wayar kowane uba da uwa kafin yaro ya sa takalmi. Wani lokaci a rufe gaba ɗaya, wani lokaci a jinkirta buɗewa da awa biyu, a birnin New York ma tun bayan korona sukan mai da karatun ranar ta intanet. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan Mayu da Yuni, muna da guguwar farkon damina mai yaye kwanon rufi, muna da ƙurar hunturu. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai gaya wa uwa a Nima ko Aboabo da ƙarfe biyar na asuba cewa yau kada ta fitar da ɗanta. Ruwan da ya mamaye Alajo ba lallai ya taɓa Madina ba, don haka da wuya Hukumar Ilimi ta Ghana, GES, ta rufe makarantun birni duka saboda unguwa ɗaya. Hukuncin yana komawa hannun iyaye da hedimasta, kuma mafi yawanmu muna yanke shi ne a tsaye a bakin ƙofa, ruwa na zuba, yaro na kuka, ana ta kiran waya ba ta shiga.

Abin da muke so a riƙe shi ne, hatsarin ranar ruwa yana kan hanya, tsakanin gida da makaranta, sai kuma ɗakin da aka bar yara ba babba. Rasa darasin kwana ɗaya ko uku ana ramawa. Saboda haka duk shirin da za a yi ya tsaya a kan tambayoyi uku: wa zai ce yaro ya zauna a gida, wa zai riƙe shi idan ruwa ya same shi a makaranta, kuma a hannun wa zai wuni idan uwa tana kasuwa uba yana tasha.

Mu fara da hanyar. Kowane uba ya taka ta da ƙafarsa tare da yaronsa, ranar da ba ruwa, ya ƙidaya kwata nawa yaron ke tsallakewa, ina aka ɗora katako a madadin gada, ina murfin kwalbati ya karye ko aka sace shi. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana gangarawa ne zuwa kogin Odaw, Odaw kuma ya bi ta Alajo da Circle ya zube a tafkin Korle. Ruwansa ba na unguwar kaɗai ba ne, daga tsaunukan Akwapim yake tarowa. Ke nan ana iya samun yayyafi kawai a Adabraka amma kwata ta cika ta tumbatsa, domin an yi mamako a sama. A Kumasi haka rafin Aboabo da Subin da Sisa suke yi wa Aboabo da Anloga da Atonsu. Wanda ya ɗaga kai ya dubi sararin unguwarsu kaɗai ya ce ai ruwan ba yawa, ya yi kuskuren lissafi.

Ga ma'aunin da masu aikin ceto ke amfani da shi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci. To ina ga yaron aji biyu mai jakar littattafai a baya, ina ga pragya, wato keke mai ƙafa uku, ko okada? Kuma ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin ƙasansa. Idan ya shafe bakin kwata, titi da kwata sun zama abu ɗaya a ido, taku ɗaya ne tsakanin tafiya da faɗawa. A koya wa yaro doka guda wadda ba ta da sai dai: in ba ka ganin bakin kwata, ba ka tsallakawa, ko da ka ga manya suna yi, ko da ka ga gidanku a ƙetare. Ka koma inda ka fito.

Inda yaro zai fake ma abin koyarwa ne. Daren 3 ga Yunin 2015 mutane sun fake wa ruwa a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle, mai ya kwarara a kan ruwan, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gidan mai ba mafaka ba ne, haka ƙarƙashin bishiya, da jikin katangar da ta jiƙe, da gindin turken wuta ko taransifoma, da ƙarƙashin gada. A nuna wa yaro wuri biyu a kan hanyarsa, masallaci mai dandamali ko shagon wanda aka sani, a kuma je a gaisa da mai wurin a gaya masa, domin ranar da yaron ya shigo a jiƙe ya san ɗan waye.

Game da safiya, a sa lokacin yanke hukunci ya zama ɗaya kullum, bayan sallar asuba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, GMet, tana fitar da hasashe kowace rana, tana kuma fitar da gargaɗi idan hadari ya taso. Yawancin manyan hadarinmu daga gabas suke zuwa, ta Najeriya da Benin da Togo, shi ya sa ake iya ganinsu awanni kafin su iso. Gidajen rediyo suna karanta gargaɗin, kuma muna roƙon tashoshin da ke magana da Hausa, irin su Marhaba a Accra da Zuria a Kumasi, su mai da shi farilla a shirin safe daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. Idan an kwana ana ruwa kuma har asuba bai tsagaita ba, ko kwatar ƙofar gida ta cika, ko akwai gargaɗi a kan yankin, ƙananan yara su zauna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ruwan ya ɗauke da ƙarfe takwas, kwata ta janye, a raka su da ƙarfe tara ko goma. A nan muna kira ga hedimastoci da babbar murya: ranar ruwa kada a daki yaro ko a sa shi shara don ya makara. Tsoron bulala ne ke sa yaro ya kutsa cikin ruwan da hankalinsa ya gaya masa kada ya shiga.

Babban kuskuren da ake yi a makarantu shi ne sallamar yara da zarar an ga gabas ta yi baƙi. Niyyar mai kyau ce, a ce su ruga gida kafin ya sauko. Amma hadarin da aka riga aka ji iskarsa ba ya ba da lokaci mai tsawo, yaron da gidansu ke da tafiyar rabin awa a tsakiyar hanya zai same shi, daidai lokacin da kwanon rufi ke tashi kuma kwata ke cika. Daidai shi ne a riƙe su. A shigar da kowa ajin da ya fi ƙarfin rufi, nesa da taga, a kira suna, a rufe ƙofar makaranta. Idan ana tsawa, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a bar kowa ya fita fili. Bayan ruwa ya ɗauke ma ba nan take ba, sai malami ya leƙa ya ga bakin kwata ya bayyana. 'Yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku ba a sake su sai hannu da hannu.

Wannan ba zai yiwu ba sai makaranta tana da rajista ta gaskiya. Kowane yaro a rubuta masa lambobin waya uku: ta uwa, ta uba, da ta wani babba da ke zaune a ɓangaren da makarantar take, wanda ba sai ya tsallaka rafi ba kafin ya iso. Wannan na ukun shi ne mabuɗin. Uwa tana kasuwar Makola ko Kejetia, motocin haya na trotro sun tsaya cik, ba amfanin a yi ta kiranta ta zo, sai dai a jefa ta cikin hatsarin da ake gudar wa ɗanta. Gwaggo ko kawu ko maƙwabciyar da aka amince da ita ta karɓi yaron, ya kwana a can in ta kama. A rubuta lambobin a takarda, a naɗe a leda, a sa a aljihun jakar yaron, a kuma sa ya haddace ɗaya. Zauren WhatsApp na iyaye yana da amfani, sai dai iyaye mata da yawa ƙaramar waya mai madanni suke riƙewa, wasu kuma ba su da data ranar. A raba aikin: malamin aji ya kira iyaye biyar, kowannensu ya kira biyar da aka riga aka ba shi sunayensu. Aji mai yara 30 an gama da shi cikin 'yan mintuna. Kwamitin iyaye da malamai ya tanadi buhun ruwan leda biyu ko uku, da garin rogo da sukari, da tocila biyu a ofishin hedimasta, domin yaran da za su kai magariba.

Malamanmu na makarantar allo da Islamiyya, Allah ya ƙara muku daraja, wannan magana ta fi shafarku. Karatunku na yamma ne da dare da ƙarshen mako, kuma ruwa mai iska yana yawan saukowa da la'asar zuwa dare. Da yawa daga makarantun a zaure suke, ko rumfar kwano a ƙofar gida, ba rajista, ba lambar iyaye. Littafi ɗaya na sidi kaɗan ya isa a rubuta sunan kowane almajiri da gidansu da waya. Idan hadari ya haɗu kafin yara su fito, a aika cewa yau ba karatu. Idan ya same su a wurinku, amana ce a hannunku har iyaye su zo.

Yanzu gida. Idan makaranta ta rufe, kasuwa ba ta rufe ba, kuma mai sayar da koko ko waakye ba ta da hutun da za a biya ta. Abin da aka saba yi shi ne a kulle yara a ɗaki a tafi da makulli, ko a bar su a hannun yarinya 'yar shekara tara. Muna roƙon iyaye mata, don Allah a daina kulle yara ta waje. Ruwa in ya shigo ɗaki, ko wuta ta tashi daga kyandir ko maganin sauro na hayaƙi, ƙofar da aka kulle don tsaro ita ce za ta hana su fita, tagoginmu kuma duk da ƙarfe. Gidajenmu na haya masu ɗakuna goma ko fiye suna da albarkar da mai gida shi kaɗai ba shi da ita, wato yawan manya. A zauna tun yanzu a yi karɓa-karɓa: ranar da aka rufe makaranta, wace uwa ko wace kaka ce za ta zauna da yaran gidan duka, sauran su haɗa mata cefane da ɗan abin da zai rufe cinikin da ta rasa. A bar makullan ɗakuna a hannunta. A nuna mata inda babban makunnin wutar gidan yake, da ɗakin da ya fi tudu, da gidan bene ko masallacin da za a kwashe yara a tafi in ruwa ya kai dokin ƙofa. A tafi tun ruwa yana idon sawu, ba a tsayawa kwashe katifa.

Akwai wata ɗabi'a da dole mu faɗe ta ko ba daɗi. Da ruwa ya sauko sai a miƙa wa yaro bokitin shara a ce ya je ya juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Laifi biyu ne a aiki ɗaya. An tura yaro bakin ruwa mai gudu, kan siminti mai santsi, da kaya mai rinjayarsa. Sharar kuma ba ɓacewa take yi ba, tana zuwa ta toshe kwalbatin gaba, ruwan ya dawo ɗakin wani Musulmi ɗan uwanka. Tun 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin GARID na gyara magudanan Odaw, har da Nima da Alajo a cikin unguwannin da ya shafa, amma babu aikin injiniyan da zai yi maganin leda da katifar da ake zubawa kowane ruwa. Haka wankan ruwan sama a lungu da kamun kayan da ruwa ya kwaso, yara suna so, amma ruwan nan ya haɗu da na masai.

Tanadin kwana uku ya isa yawancin lokuta. Ruwan sha shi ne farko. A lissafa wa kowane mutum lita uku a rana. Gida mai mutum shida yana buƙatar lita 54 a kwana uku. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, buhu mai leda 30 lita 15 ke nan, don haka buhu huɗu sun rufe sha. A ƙara jarkoki biyu ko uku, irin rawayen nan da ake kira galan ɗin Kufuor, a cika su a rufe domin girki da alwala da wanke hannu, a ɗora su a kan benci. Kada a yarda da ruwan famfo ko rijiya a kwanakin farko bayan ambaliya. Bututunmu da yawa ta cikin kwata suka bi, idan famfo ya ɗauke ƙarfin ruwan ya faɗi, ƙazanta tana tsotsuwa ta wurin da ya tsage. A tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs daidai da awon da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Idan ruwan ya gurɓace, a bari ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, domin maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka.

Abinci kuwa, a tuna cewa yaran firamaren gwamnati da ke cikin shirin ciyarwa, wanda aka fara a 2005, suna rasa abincin rana duk ranar da aka rufe. Wannan kwano ɗaya ya dawo kan uwa. A ajiye abin da ba ya buƙatar firji kuma ba ya cin wuta da yawa: garin rogo gwangwanin awo na olonka biyu, sukari, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, shito, gwangwanin kifi, shinkafa, madarar gari. Gawayi a ɗaure shi a buhun leda a rataye, ashana a kwalba mai murfi, domin jiƙaƙƙen gawayi ya sha hana gida girki alhali shinkafa na nan. Duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar, ban da gwangwanin da bai buɗe ba, shi ma a wanke bayansa. Idan wuta ta ɗauke fiye da awa huɗu, miya da nama da kifin da ke firji ba abin ba yara ba ne. A bar ɗan kuɗi a hannu, tun da mai MoMo, wato mai tura kuɗi da cirewa ta waya, shi ma yakan rufe rumfarsa ya gudu.

Ciwon da ya fi biyo bayan ruwa shi ne gudawa. A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, Accra ce ta fi jin jiki. Kowane ɗaki ya ajiye ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, fakiti shida ko fiye da ƙwayar zinc. A karanta jikin fakitin, domin wani na lita ɗaya ne, wani na mililita 600, kuma idan ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi wa yaro yawa. In babu fakiti, a juye ledar ruwa biyu a kwano mai tsabta, lita ɗaya ke nan, a sa sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Zinc miligiram 20 a rana ga wanda ya wuce wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Idan bayan gidan ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya amsawa, asibiti kai tsaye, ana tafe ana ba shi ORS. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Katin inshorar lafiya a duba shi tun yanzu, ana sabunta shi ta waya da *929#, ba ranar da yaro ke kwance ba. Shi da katin shaidar ɗan ƙasa da takardun haihuwa da katin awo da sakamakon makaranta a haɗa su a leda biyu, a ɗaure, a sa a saman sif, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Yara masu sikila da masu asma suna buƙatar kulawa ta daban. Kusan biyu cikin kowane jarirai 100 da ake haifa a Ghana suna da sikila, kuma sanyi da jiƙewa da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon ƙashi. Irin wannan yaro shi ne farkon wanda zai zauna a gida ranar ruwa. In ya jiƙe a cire kayan nan take, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi. Mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a jakarsa, malamin aji ya san da shi.

Wuta da ruwa ba sa haɗuwa. A kashe babban makunni tun ruwa bai shigo ba, da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. Idan ruwa ya riga ya kai soket, kada kowa ya shiga don ya kashe, a fita a kira kamfanin wutar lantarki, ECG. Wayar wuta da ta faɗo ƙasa a ɗauka tana da rai. Kayan da suka jiƙe kada a kunna su sai mai gyaran wuta ya duba. Don haske, tocila ko fitilar caji ta fi kyandir. Janareta da murhun gawayi ba sa shiga ɗaki ko lungun da ba iska, ko ana ruwa, domin hayaƙinsu yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuma ba ya farkawa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, 192 ta 'yan kwana-kwana, 193 ta motar asibiti. A rubuta su a bango, tare da lambar jami'in hukumar agajin gaggawa, NADMO, na gundumarku, wadda asambiliman unguwa, wato wakilinta a majalisar gunduma, zai iya ba ku.

Wannan gargaɗin gawayi ya shafi hunturu ma, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake shigar da wuta ɗaki don jin ɗumi. Hunturu ba ya cika rufe makaranta a kudu, amma ranar da ƙura ta yi kauri mai asma ya zauna ko ya sa takunkumi, a shafa wa yara man kaɗe, a yawaita ba su ruwa, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a madadin tsintsiya. Lokacin gobara ne kuma, kamar yadda kasuwar Kantamanto ta Accra ta ƙone a farkon Janairun 2025.

Wani lokacin rufewar tana wuce kwana uku. Guguwa ta yaye rufin ajujuwa, ko a mai da makaranta masaukin waɗanda ruwa ya kora, kamar yadda aka yi a garin Mepe bayan an saki ruwan madatsar Akosombo a 2023. Mazauna Tetegu da Oblogo sun san irinsa duk lokacin da aka buɗe madatsar Weija. Korona ta riga ta nuna mana abin da dogon zama ke yi: an rufe makarantu a Maris 2020, yawancin yara ba su koma ba sai Janairun 2021, kuma darussan talabijin da rediyo sun amfani waɗanda wani babba ya zaunar da su ne kawai. Ba sai da intanet ba. Malamin aji ya ba kowane yaro aikin kwana uku a farkon damina, a ajiye shi a leda, ba a taɓawa sai ranar rufewa. Awa ɗaya da safe ta isa ƙaramin yaro: ya karanta da ƙarfi, ya yi lissafi goma, ya biya allonsa. Babban yaro ya duba na ƙarami. Idan zaman ya kai mako, iyaye su tashi su je ofishin ilimi na gunduma su nemi a ba yaran aji a wata makaranta ko zauren masallaci, domin 'yan matan da aka ɗora wa tallan kwana biyu su ne ba sa komawa. Masu rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuwa, jarrabawar tana faɗowa a damina, jadawalinta ɗaya ne a ƙasa baki ɗaya, ba a ɗage ta don unguwa guda. Wanda akwai rafi tsakaninsa da cibiyar jarrabawa ya koma gidan dangi a ƙetaren tun daren da gobe za a fara jarrabawar.

Kafin yara su koma, kwamitin iyaye ya zagaya makarantar da magini. A duba katangar da ta tsage ko ta karkata, domin bangon da ya sha ruwa yakan faɗi bayan rana ta fito. A duba kwanon da ya saki, da wayoyin wuta, da masai, ko ramin ya cika ko murfinsa ya zauna. Dabe da tebura a wanke da sabulu, sannan a bi da bilic kofi ɗaya a ruwa lita 20, tagogi a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Wannan aikin manya ne, kada a tara 'yan firamare a ce su kwashe laka da hannu.

Muna roƙon ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, da limaman Juma'a da sarakunan zango, su ware huɗuba ɗaya da zama ɗaya a watan Maris domin wannan magana. GES da sashenta na ilimin Islamiyya kuma su ba hedimastoci izini a rubuce na jinkirta buɗewa ko riƙe yara ranar ruwa ba tare da sun jira umarni daga ofis ba, su kuma wajabta rajistar lambobi uku a kowace makaranta kafin zangon karatu na uku ya fara.

Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya,
Nima, Accra.